Claude Mellan da Zanen da Aka Yi da Layi Ɗaya

Jama'a, barkanmu da war haka. Mutumin da za mu tattauna a kansa yau shi ne Claude Mellan, wanda aka haifa a garin Abbeville da ke arewacin Faransa a shekarar 1598, ya kuma rasu a Paris a 1688 yana da shekara 90. Sana'arsa ita ce sassaƙa zane a kan allon jan ƙarfe domin a buga shi a takarda, kuma sai na fara bayyana yadda ake aikin kafin a gane girman abin da ya yi.

Mai wannan sana'a yakan riƙe wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki, yana tura shi a kan allon yana yanka siraran layuka. Bayan ya gama sai a shafa tawada ta cika ramukan, a goge saman allon tas, a ɗora takarda mai ɗan danshi, a matse da inji. Abin da ke hannun dama a allo, hagu yake fitowa a takarda, kuma idan hannu ya kuskure, gyaran ba ƙaramin aiki ba ne.

A zamaninsa, masu sana'ar sukan samar da duhu ta hanyar gitta layuka a kan juna. Mellan, wanda ya tafi Rum a 1624 ya ƙara gogewa, ya yi watsi da wannan hanya, ya koma jera layuka kusa da juna, yana danna ƙarfen inda yake son duhu layin ya yi kauri, yana sassauta hannu inda yake son haske. A hanyarsa ta komawa gida ya yada zango a garin Aix-en-Provence da ke kudancin Faransa, inda ya sassaƙa hotunan wata guda uku ga masana Peiresc da Gassendi, bisa abin da aka hango da madubin hangen nesa. Daga baya aka ba shi masauki a fadar Louvre.

Aikin da ya fi jan hankalina shi ne na 1649, wato fuskar Yesu a kan mayafin Veronica, matar da ta share masa fuska da mayafinta har hoton fuskar ya fito a jikinsa, kamar yadda al'adar Kiristoci ta siffanta. Layi ɗaya tak ne, ya faro daga kan hanci yana kewayawa kamar nadin faifai har ya cika allon. Ku lura cewa ba hannu ake juyawa ba wajen yanka layi mai lanƙwasa, allon ake juyawa a kan ɗan matashin fata, saboda haka kowane zagaye sai da ya juya allon gaba ɗaya, yana tuna inda ido zai fito da inda gemu zai fara. Daga nesa fuska ce sosai, har da kambin ƙaya a kai da ɗigon jini, amma idan mutum ya matso da ido kusa da takardar, ba abin da zai gani sai zare guda yana kumbura yana tsukewa.