Jera kujeru a ƙaramin falo: a fara da awo kafin a je wurin kafinta

Assalamu alaikum masu kallo. Zanen da ke gabanku na falo ne irin wanda ake yawan samu a gidajen ciki da falo na Katsina, daga Sabuwar Unguwa har Ƙofar Ƙaura, wato mai ƙafa 12 a tsawo da ƙafa 12 a faɗi. Za mu fara da lissafi, domin a nan ne jere yake lalacewa tun kafin a sauke kaya daga mota.

Filin wannan ɗaki ƙafa 144 ne idan an ninka tsawo da faɗi. Saitin kujerun da aka saba yi wa amarya kuwa ya ƙunshi doguwa mai cin mutum uku, da mai cin mutum biyu, da ƙanana guda biyu. Doguwar takan kai ƙafa 7 a tsawo da ƙafa 3 a zurfi, mai bi mata takan kai ƙafa 5, ƙananan kuma kowace ƙafa 3 ta ko'ina. Idan aka haɗa su, kujerun kaɗai sun cinye ƙafa 54, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ɗakin, alhali ba a shigo da teburin tsakiya ba, ba a sa mazaunin talabijin ba, ba a kuma cire inda ƙofofi suke buɗewa ba. Shi ya sa za ka shiga falon da aka kashe wa kuɗi masu yawa, amma sai ka bi ta gefe kana kare gwiwa kafin ka sami wurin zama.

Abin da ya kamata a fara ware wa wuri shi ne hanya. A gidan ciki da falo, duk wanda zai shiga uwar ɗaka ta falo zai ratsa, da matar gida ɗauke da tiren abinci, da yaro mai gudu, da tsohuwa mai dogara sanda. A bar wa wannan hanya faɗin ƙafa biyu da rabi zuwa uku, daga ƙofar waje har ƙofar ciki, kuma a tabbatar kowace ƙofa tana buɗewa har ƙarshe ba tare da ta daki hannun kujera ba. Akwai kuma batun sutura, wanda bai kamata a raina ba: kada a ajiye kujerar baƙi inda mai zama zai fuskanci ƙofar uwar ɗaka kai tsaye, domin duk lokacin da iska ta ɗaga labule sai baƙo ya sunkuyar da kai, masu gida kuma su takura.

Bayan hanya sai tsakiyar ɗaki. Mu mutane ne masu zaman ƙasa. A kan kafet ake shimfiɗa ledar cin abinci, a nan yara suke bitar karatu, a nan mata suke zama ranar suna ko barka, a nan kuma matar gida take salla. Darduma ɗaya tana bukatar kusan ƙafa 4 a tsawo, alƙibla kuma daga Katsina da Daura gabas take da ɗan karkata zuwa arewa. Saboda haka a duba wannan sashe na ɗakin tun da wuri, a bar shi yadda mai salla ba zai kasance a kan hanyar masu wucewa ba. A ganina babban teburin gilashi ba shi da gurbi a falo mai ƙafa 12, musamman a gidan da ke da ƙananan yara. Ƙananan tebura biyu da za a iya turawa gefe sun fi shi amfani, idan kuwa dole sai an sa shi, to a bar tazarar ƙafa ɗaya da rabi tsakaninsa da kujera.

Yanzu ku dubi zane na biyu. An jingina doguwar kujera da bangon da ba shi da ƙofa, an sa ƙarama ɗaya a kusurwa tana kallonta a karkace, an maƙala talabijin a bangon da ke fuskantar doguwar, daidai tsayin idon mai zama. An cire mai cin mutum biyu gaba ɗaya, an mayar da ita ɗakin maigida, an kawo tumtum na fata guda biyu a madadinta, waɗanda ake jawowa idan baƙi sun yi yawa, a ɗora su a lungu idan sun tafi. Mutum shida za su zauna a nan cikin walwala, tsakiyar ɗaki kuma tana nan a buɗe.

Falon da ya fi ba da wahala shi ne dogo siriri, kamar wanda aka yanka daga baranda ko tsohon shago, mai faɗin ƙafa 8 ko 9 da tsawon ƙafa 16. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jera kujeru a bango biyu suna kallon juna, sai abin da ya rage a tsakiya bai wuce ƙafa 3 ba, masu zama suna haɗa gwiwa, mai wucewa yana tsallake ƙafafu. Gara a tara kujerun a bango ɗaya, a bar ɗayan ya zama hanya, sannan a raba ɗakin gida biyu: sashen da ke kusa da ƙofa na baƙi, na can ciki kuma a shimfiɗa masa kafet da matasan kai domin iyali.

A tsofaffin gidajen cikin birni, wajen Unguwar Alƙali ko kewayen Gobarau, matsalar daban ce. Ginin ƙasa yana da kaurin bango, kusurwoyinsa ba su cika daidaita ba, wani lokaci kuma akwai ginshiƙi ko tudu a inda ba a so. Kada a tilasta wa doguwar kujera shiga karkataccen lungu, domin za ta bar rami a bayanta wanda ƙurar hunturu za ta cika, tsintsiya kuma ba ta kaiwa. Irin wannan lungu ya fi dacewa da kanta da kafinta zai auna ya ƙera daidai da shi, ko fanka mai tsayuwa. A kuma bar tazarar yatsu huɗu tsakanin katako da bango, saboda danshin damina da gara, wadda ba ta jin wuyar ratsowa daga bangon ƙasa zuwa ƙafar kujera.

Taga ma tana da haƙƙinta. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, idan aka ɗauke wuta kuwa babu abin da ya rage sai iskar da ke shiga ta taga ta fita ta ƙofa. Kujera mai dogon baya ko kabad ɗin kwanuka da aka kafa a gaban taga sun toshe wannan iska, ranar yamma kuma tana cinye launin yadin kujera cikin ɗan lokaci.

Mun san iyaye mata da 'yan jere suna so a ga cikakken saiti, domin alama ce ta cewa an fita kunyar ɗiya, kuma wannan niyya ce mai kyau. Abin da muke roƙo shi ne a tura wani ya auno ɗakin kafin a ba kafinta kuɗin aiki. A ɗauki tef da alli, a zana girman kowace kujera a ƙasa, a yi tafiya a tsakanin zanen kamar kayan suna nan. A ce wa kafinta ya rage kaurin hannun kujera, domin hannu mai inci 10 a kowane gefe yana cin wurin da bai zaunar da kowa ba, ya kuma ɗaga ta a kan ƙafafu yadda za a iya share ƙarƙashinta. Sannan a auna faɗin ƙofar zaure da kwanar da ke bayanta, domin a gidaje da yawa na cikin gari kujera mai ƙafa 7 ba ta iya juyawa a nan, sai an kwance ƙafafunta ko an ɗaga ta ta kan katanga.