Daga ƙasar Arlit zuwa wutar Koeberg

Jama'a, assalamu alaikum. Mutanen Tawa sun san hanyar da ake kira hanyar uranium, wadda ta taso daga Arlit ta ratsa Agadas ta biyo ta garinmu. Kamfanin Somair ya fara fitar da uranium a 1971, Cominak na Akokan ya bi baya a 1978 har aka rufe shi a 2021. Shekara da shekaru manyan motoci sun yi ta wucewa da ganguna cike da garin uranium ɗin nan mai ruwan ɗorawa zuwa tashar jiragen ruwan Kwatano. To me ake yi da shi can?

A yadda ya fito, garin nan ba ya kunna ko kwan fitila. Irin uranium ɗin da ke fashewa ya ba da zafi, wato U-235, bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da aka haƙo ba. Sai an kai shi masana'anta, irin ta Tirikastan a Faransa, an tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5, sannan a dunƙule shi ƙanana-ƙanana, kowanne bai fi kan ɗan yatsa ba, a jera cikin dogayen bututun ƙarfe, wannan shi ne man tashar nukiliya mai ba da wuta.

Mu leƙa Koeberg, kusa da birnin Kef a Afirka ta Kudu, tashar nukiliya ɗaya tilo da ke ba da wuta a nahiyarmu yau. An fara gina ta a 1976 da fasahar kamfanin Framatome na Faransa. A Disamba 1982, zamanin mulkin wariyar launin fata, mayaƙan ANC, ƙungiyar da ke yaƙi da wariyar, suka dasa bama-bamai a wurin, aikin ya yi jinkiri. Injin farko ya shiga layin wuta a 1984, na biyu a 1985.

Ga yadda take aiki. Ƙwayar zarra ta uranium na tsagewa biyu, ta saki zafi da wasu ƙwayoyi da ake kira niyutiron, su kuma su je su tsaga wasu. Zafin yana gasa ruwa har ya wuce digiri 300, amma ruwan ba ya tafasa, don an danne shi da matsi mai tsanani, kamar tukunyar da aka ɗaure murfinta tamau. Wannan ruwan ba ya fita ko'ina. Yana zagayawa cikin bututu ya ɗumama wani ruwan daban, shi ne ke zama tururi ya juya injin da ke haifar da lantarki. Idan ana son a rage ƙarfi ko a kashe, sai a saukar da sanduna masu shanye niyutiron a tsakanin man. Man da ruwan farko da ke zagayawa suna cikin gini mai kaurin kankare da ƙarfe. Babu hayaƙin gawayi, amma man da ya ƙare yana da haɗari na dubban shekaru, ana fara ajiye shi a cikin tafkin ruwa a tashar.

Wani zai ce, tunda uranium namu ne, me ya hana mu gina tamu mu huta da ɗaukewar kuran lokacin zafi? Tambaya ce mai kyau, sai dai man shi ne ƙaramin abu a lissafin. Koeberg tana jan ruwan sanyi daga tekun Atilantika dare da rana don sanyaya tururi. Kogin Kwara kuwa mun san yadda yake janyewa a watan Mayu. Sannan injinta guda yana ba da megawat sama da 900, fiye da abin da Nijar gaba ɗaya ke sha a lokaci ɗaya. In ya tsaya don canza mai, wanda ake yi kusan duk wata 18, wa zai riƙe layin? Abin mamaki ma, ma'adinan Arlit kansu da gawayin kamfanin Sonichar na Anu Araren ake ba su wuta.

Masar ta ɗauki hanyar, ta fara gina tashar Dabaa a gaɓar tekun Bahar Rum a 2022, injuna huɗu, kamfanin Rosatom na Rasha ke ginawa, kuma bashin Rasha ne ke ɗauke da mafi yawan kuɗin.