Maraƙin Zinariya da Macijin Tagulla

Jama'a, barkanmu da yamma. Mu fara da Maimaitawar Shari'a 4:15-18 a Littafi Mai Tsarki, domin a nan dokar hana sassaƙa gumaka ta fito filla-filla. Musa ya ce wa Isra'ilawa ranar da Ubangiji ya yi musu magana daga cikin wuta a Dutsen Horeb, murya suka ji, ba su ga siffa ba. Sai ya jero abin da ba za a sassaƙa ba: siffar namiji ko mace, dabbar ƙasa, tsuntsu, mai rarrafe, da kifi. Ku lura da dalilin. Wanda ba ka ga kamanninsa ba, duk siffar da ka ba shi ƙirƙira ce.

To me ya sa sa ne ya fi jan hankalinsu? Maƙwabtansu ne. A Memfis ta Masar ana girmama bijimin Afis. A rubuce-rubucen Ugarit, wani tsohon birni a Siriya, ana yi wa allahn Kan'aniyawa El kirari da bijimi, allahn hadari kuma akan zana shi tsaye a gadon bayan sa. Ga manomi, sa ƙarfi ne da haihuwa. A 1990 masu tonon tarihi sun samu ɗan maraƙin tagulla mai rufin azurfa a Ashkelon, ƙarami ne, zai zauna a tafin hannu.

Yanzu Fitowa 32. Musa ya yi kwana 40 a kan dutse, jama'a suka ƙosa. Haruna ya karɓi 'yan kunnen zinariya, aka yi maraƙi, aka gina masa bagade. Musulmin da ke cikinmu sun san ƙissar daga Alƙur'ani, inda Samiri ne ya ƙera shi. A nassin Fitowa dai ga abin da nake so ku riƙe: Haruna ya yi shelar cewa gobe idi ne ga Ubangiji. Wato a ganinsu ba su bar Allahnsu ba, siffa kawai suka yi masa. Duk da haka aka ƙidaya shi bautar gumaka tsantsa.

Dubi yadda Musa ya yi da shi. Ya ƙone shi, ya niƙe shi ya zama gari, ya barbaɗa a ruwa, ya sa suka sha. Kowane maƙeri ya san zinariya narkewa take yi, ba ta cin wuta. Shi ya sa masana da yawa ke ganin itace aka sassaƙa aka dalaye da zinariya, irin aikin da Ishaya 40 ya kwatanta. A ranar Lawiyawa suka kashe mutum wajen 3,000.

Bayan rasuwar Sulemanu, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu, mulki ya rabu biyu. Yerobowam na arewa ya ji tsoron idan mutanensa suka ci gaba da zuwa Urushalima hadaya, zuciyarsu za ta koma gidan Dawuda. Sai ya yi maruƙa biyu, ɗaya a Betel can kudu, ɗaya a Dan can arewa. Ya naɗa firistocin da ba Lawiyawa ba, ya sa idi a ranar 15 ga wata na 8. Siyasa ce zalla, 1 Sarakuna 12 bai ɓoye ba. Wataƙila shi Yerobowam ya ɗauki maraƙin ne a matsayin matashin ƙafa ga Allahn da ba a gani, amma talaka da ya zo da hadayarsa maraƙin yake kallo. Annabi Hosiya ya ga mutane na sumbatar maruƙa, abin ya ƙona masa rai, ya ce maƙeri ne ya yi wannan, ba Allah ba ne. A ƙarshe Samariya, babban birnin mulkin arewa, ta faɗa hannun Assuriya a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu.

Wani zai ce, ai akwai siffofin dabbobi a Haikalin Sulemanu. Gaskiya ne. Bijimai 12 na tagulla ne suka ɗauki babbar kwatarniyar ruwa, uku-uku suna fuskantar gabas, yamma, kudu da arewa. Ba wanda ya tsine musu, domin dako suke yi, ba a durƙusa musu.

Macijin tagulla ne ya fi nuna inda iyakar take. A Littafin Ƙidaya 21, Ubangiji da kansa ya umarci Musa ya yi shi ya ɗora a kan sanda, wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Aka adana shi shekaru ɗaruruwa. A hankali mutane suka fara ƙona masa turare, ana kiransa Nehushtan. Tagullar ba ta canza ba, turaren ne ya shigo. Da Hezekiya ya hau gadon sarautar Yahuza bai duba cewa aikin hannun Musa ba ne, ya farfashe shi, kuma 2 Sarakuna 18 ya sa wannan cikin ayyukan da aka yaba masa.