Darasi: Adana Giya a Masana'anta ba tare da Ɓarnar Ruwa da Makamashi ba

Masu kallo, barkanku da warhaka. Ga tankin tsimi nan a bayana, inda ake barin giya ta tsima, amma zan wuce kai tsaye zuwa abin da ke lalata giya bayan ta tsima, wato iskar oksijin da ƙwayoyin cuta da haske da zafi. Ra'ayina shi ne wanda ya tsare tsabta kuma ya hana iska shiga tun daga tanki, wuta kaɗan zai buƙata wajen dumama giyar a ƙarshe, kuma nan ne ake samun yawancin ragowar makamashi.

Mu fara da wannan bututun da ke saman tanki. Yayin da yis, wato ƙwayar halittar da ke sa giya ta tsima, ke cin sukari yana fitar da iskar kabon, kimanin kilo 4 a kowace lita 100. Masana'antu da yawa suna sakin ta sama, sannan su sayi wata a tanka domin korar oksijin daga kwalabe, alhali ana iya tara ta, a wanke ta da ruwa, a ratsa ta cikin gawayin tacewa, a busar da ita, a matse ta ta zama ruwa a ajiye. Sai dai kada ku buɗe bawul ɗin tarawa da wuri. A wata masana'anta da na taɓa yi wa aiki, garaje ya sa na fara tarawa tun sa'o'in farko, lokacin da iskar waje ba ta gama fita daga saman tanki ba, kuma bayan 'yan makonni giyar ta ɗauki ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Tun daga ranar ba na buɗewa sai na'urar awo ta tabbatar mini da tsarkin iskar.

Yanzu ga dumamawar da ke kashe ƙwayoyin cuta, wadda ake kira pasteurization da Turanci, ta samo suna daga Louis Pasteur, masanin Faransa da ya wallafa bincikensa kan giya a 1876. Ma'auninta shi ne PU, kuma PU ɗaya yana nufin minti ɗaya a zafin digiri 60. Abin da ya daɗe yana rikita ni shi ne yadda lissafin ke tsalle, domin duk ƙarin digiri 7 yana ninka ƙarfin kashewar kusan sau goma. Saboda haka daƙiƙa 20 a digiri 72 tana ba da kimanin PU 18, abin da zai ci minti 18 a digiri 60. Ku sake duba wannan lissafi da kyau, domin ƙarin digiri biyu da kuke gani ba kome ba ne yana kusan ninka PU, ya ƙona makamashi a banza, ya kuma dafe ɗanɗano.

Tsohuwar hanya ita ce a tura kwalabe cikakku cikin dogon rami ana fesa musu ruwan zafi na kusan sa'a guda, wato har gilashin ake dumamawa. Ni na fi son wannan na'urar musayar zafi mai faranti, inda giyar da ta fito da zafi ke dumama mai shigowa da sanyi, har a maido da fiye da kashi 90 cikin ɗari na zafin. Bari in kunna famfo. A'a, afuwa, sai na fara ɗaga matsi tukuna, domin idan matsin ya yi ƙasa a digiri 72 iskar kabon za ta ɓalle daga giya ta yi kumfa a tsakanin faranti, kuma inda kumfa ta tsaya zafi ba ya ratsawa daidai. Sharaɗin wannan hanya shi ne injin cika kwalba ya kasance da cikakkiyar tsabta, tunda babu wata wuta bayansa.

Akwai masu barin wuta gaba ɗaya su tace giyar da sanyinta ta matata mai ƙofofin maikiron 0.45 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wadda ke tare yis da bakteriya irin su Lactobacillus. Matatun zamani sun kuma rage dogaro da garin kiselgur, wata farar ƙasa mai laushi da ake tace giya da ita, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, dagwalonsa kuma ke zama shara mai wuyar zubarwa.

Batun sanyi gajere ne. Tun shekarun 1870 injiniyan Jamus Carl von Linde ya ƙera injin sanyaya wa masana'antar Spaten ta birnin Miyunik a Jamus, kuma iskar amoniyar da ya koma amfani da ita wajen sanyayawa har yau ba ta huda lemar ozon, ba ta kuma ɗumama duniya kamar iskokin da yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 da gyaran Kigali na 2016 suka taƙaita. Tana da guba, don haka na'urar gano yoyo wajibi ce, kuma ku lulluɓe kowane bututun sanyi da kyau.

Kwalba kuwa, ku zaɓi mai launin ƙasa-ƙasa wadda ake dawowa da ita a wanke, domin kore da fara suna barin haske ya taɓa sinadarin furen hof, wanda ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, ya haifar da wari. A darasi na gaba za mu buɗe injin wankin kwalaben, mu ga yadda ake tace ruwan kostik, wato sinadarin wankin, a sake amfani da shi.