Yadda alƙaluman intanet ke raba mutanen Amurka aji-aji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Amurka. Ana yawan tambayata, wai nawa mutum zai samu a shekara kafin a ce ya shiga ajin matsakaita? To bari mu duba yadda ake lissafin.

Hukumar ƙidaya ta Amurka ba ta da wani aji da ta yanke a hukumance. Ita dai tana tattara alƙaluma, ta hanyar bincike-bincike irin su American Community Survey da ake aika wa gidaje kusan miliyan 3.5 duk shekara. Cibiyoyin bincike irin su Pew ne ke ɗaukar alƙaluman su raba.

Ga yadda Pew ke yi. A jera gidaje daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, a ɗauki na tsakiyar layi. Wanda samunsa ya kama daga kashi biyu cikin uku na wannan adadi har zuwa ninkinsa biyu, shi ne matsakaici. A 1971 kashi 61 cikin ɗari na Amurkawa suna wannan aji, a 2023 sun koma 51. Kafin a jera gidajen kuma sai an gyara lissafin bisa yawan mutanen gida, ta hanyar raba kuɗin da lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da yawansu: gida mai mutum huɗu a raba kuɗinsa da 2, mai mutum tara a raba da 3.

To a nan gizo ke saƙar. A wajen hukumar ƙidaya, "gida" shi ne duk waɗanda ke kwana a muhalli ɗaya, dangi ne ko ba dangi ba. Samari huɗu da suka haɗa kuɗin haya, kowa da tukunyarsa, a teburin samun gidaje haɗe kuɗinsu ake yi kamar na iyali guda. Kuma kuɗin da ake ƙirgawa na kafin cire haraji ne. Ba a duba bashin makaranta, ba a duba ko gidan naka ne ko haya kake, balle abin da kake turawa Kano ko Maraɗi duk wata.

In za ku duba unguwarku, ku shiga data.census.gov, ku nemi tebur B19013, mai nuna samun gidan da ke tsakiyar layi. Garin da bai kai mutum 65,000 ba, alƙaluman shekara biyar a haɗe kaɗai za ku samu a wannan tebur. Ku lura da ginshiƙin kuskure da ke gefe, wato mai nuna iya yadda adadin zai iya kauce wa na gaskiya. A ƙaramar unguwa yakan kai dubban daloli, har ya isa ya tsallakar da ita daga wannan aji zuwa wancan.