Na'ura Ba Ta Ƙirga Ba, Matsakaici Kawai Ta Bayar

Jama'a masu sauraro, akwai wata magana da ake ta yayatawa wadda ke ba ni haushi: wai da zarar an sayo na'urar karanta DNA, an gama da binciken ciwon daji, shi kuwa masanin ƙididdiga ɗan rakiya ne. Ina!

Lafiyayyar ƙwayar jiki tana ɗauke da kwafi biyu na yawancin sassan DNA, ɗaya na uwa, ɗaya na uba. Ƙwayar sankara takan ninka wani sashe ko ta zubar da shi. Kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu sankarar mama suna da ninkin wani sashen DNA mai suna HER2, kuma shi ake dubawa kafin a ba mace trastuzumab, maganin da Amurka ta amince da shi a 1998. Ƙirgen nan da rai a cikinsa.

To, tsokar da likita ya yanko ba zallar sankara ba ce. Garwaye take da lafiyayyun ƙwayoyi, kamar nonon da aka tsarma wa ruwa, na'ura kuma markaɗe su take yi gaba ɗaya. Ku biyo ni a hankali. Idan kashi 30 cikin ɗari na tsokar ne sankara, kowace ƙwaya da kwafi huɗu, lafiyayyun kuwa da biyu-biyu, matsakaicin 2.6 ne. Idan kashi 60 ne, kowace da kwafi uku, matsakaicin dai 2.6 ne. Cuta iri biyu, lamba ɗaya! Na'ura ba ta ƙirga ba, matsakaici ta bayar.

Wa zai raba gardama? Ƙididdiga. A 2004 Adam Olshen da abokan aikinsa suka fito da dabarar CBS, mai gano inda adadin kwafi ya sauya a cikin awo mai hawa da sauka barkatai. A 2010 Peter Van Loo da nasa suka kawo ASCAT, wadda ke auna rinjayen kwafin uwa ko na uba don ƙiyasta yawan ruwan da ke cikin nonon, wato lafiyayyun ƙwayoyin da ke cikin tsokar. Ita ma takan yi kuskure, musamman in ƙwayar ta ninka DNA ɗinta baki ɗaya. Ban ɗauke ta a matsayin wahayi ba.

Masu cewa sabbin na'urori sun fi kaifi, an ji. Kaifin ido ba ya tsame ruwa daga nono. Muddin an markaɗe tsokar, matsakaici ne dai, sai dai ya ƙara fitowa tas.

Duk rahoton markaɗaɗɗiyar tsoka da ya faɗi adadin kwafi bai faɗi kashi nawa ne sankara ba, likita ya mayar da shi ɗakin gwaji.