Wa ke zaɓa mana littafin da muke karantawa? Lacca kan kantunan littafi, daga Agege

(Daga rikodin waya na kwafo wannan, zaman ɗalibai ne da 'yan kasuwa da aka yi bayan la'asar. Inda ƙarar janareta ta rufe magana na tsallake.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu da ke gaba, malamaina, 'yan uwa mata da ke can baya ina fatan kuna ji, in ba kwa ji a ɗaga hannu sai a ƙara sauti. To madalla.

An ce in yi magana kan kantunan littafi, wato manya masu rassa gari-gari da kuma ƙanana da mutum ɗaya ke riƙe da kayansa, wanne ya fi yi wa mai karatu amfani. Da aka ba ni taken sai da na yi murmushi, don wani zai ce ai wannan zancen Turai ne, ina ruwan ɗan Ikko da shi. Amma kowa a ɗakin nan ya san CMS, ko ba ka taɓa sauka a can ba ka ji kwandastan danfo na rataye yana ihun CMS, Obalende. To sunan nan na 'yan mishan ne, Church Missionary Society, kuma sun buɗe kantin littafinsu a garin nan tun 1869, shekara 45 kenan kafin Lugga ya haɗe kudu da arewa a 1914. Dogon benen nan Bookshop House da ke Broad Street nasu ne, yanzu CSS ake kiran kamfanin, kuma sun yi rassa a garuruwa da dama na ƙasar nan. Ashe kenan kanti mai rassa ya girmi Najeriya kanta. Kuma tun lokacin mutanen nan sun gane abin da mu har yau muke wasa da shi, wanda ya riƙe kanta shi ke zaɓa wa gari abin karantawa. Sun jera Baibul, sun jera littafin makaranta, yaro ya zo sayen ɗaya ya ga ɗayan.

Wannan ita ce maganata ta yau gaba ɗaya, sauran duk bayani ne. Ni girman kanti bai dame ni ba, abin da nake tambaya shi ne wa ya zaɓi littafin da ke kan kantar, kuma ya san ni ko bai san ni ba.

Bari in ɗan kai ku waje don can aka fi gwabza wannan rigima. A Amurka akwai manyan kamfanoni biyu da suka mamaye kasuwar a shekarun 1990, Barnes & Noble da Borders. Za ka shiga kanti kamar filin ƙwallo, ga kujeru ga wurin shan kofi, littafi dubbai, kuma da rangwame, don wanda ya sayi kwafi dubu 50 a lokaci guda ba farashi ɗaya za a ba shi da mai sayen kwafi 5 ba, 'yan kasuwar Mile 12 kun fi ni sanin wannan, mai sauke tirela da mai sayen kwando ba ɗaya ba ne. Ƙananan kantuna da yawa suka mutu a lokacin. Sai ga Amazon ta fara sayar da littafi ta intanet a 1995, ta yi wa manyan abin da suka yi wa ƙanana, a 2011 Borders ta karye, aka rufe ragowar rassanta kusan 400, mutum sama da dubu 10 suka rasa aiki. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Amma ku lura da yadda babban kanti ke aiki, don nan ne gizo ke saƙar. Wani ma'aikaci ne a hedikwata, mai yiwuwa bai taɓa taka garinku ba, shi zai yi odar littafi na rassa ɗari-ɗari. Sannan teburin nan na bakin ƙofa da kake gani da shigarka, ba wai don littattafan sun fi kyau aka ɗora su ba, kamfanonin buga littafi ne ke biyan kuɗi a ajiye nasu a wurin, haya ce kawai. Kuma ciniki ne na in an sayar a biya, in ba a sayar ba a mayar wa mai shi, saboda haka babu wanda jikinsa ke gaya masa, a jibge kaya, wata uku a kwashe a mayar. Sai ka ga reshen bakin teku da reshen cikin ƙauye kaya iri ɗaya sak.

A Ingila akwai Waterstones, ita ma ta kusa shiga ramin da Borders ta faɗa, sai a 2011 aka ɗauko wani mutum James Daunt aka ba shi ragama. Shi wannan asalinsa mai ƙaramin kanti ne, ya buɗe nasa a Landan tun 1990. Da zuwansa ya ce a daina karɓar kuɗin tebur daga masu buga littafi, kuɗi ne masu yawa fa ya tankwaɓe, ya ce kowane manajan reshe ya zaɓi abin da mutanen unguwarsa ke karantawa ya jera yadda ya ga dama. Kayan da ake mayarwa da suka kai wajen kashi 20 cikin 100 suka sauko ƙasa da kashi 5, kamfani ya dawo cin riba. A 2019 masu kuɗin da suka sayi Barnes & Noble suka ce zo ka yi mana irin ta can, kuma yanzu sabbin rassa suke buɗewa. Kun ga abin dariyar? Babba bai tsira ba sai da ya koyi halin ƙarami. Ko da yake kada a ruɗe mu, jarin duka biyun a hannun kamfanin zuba jari ɗaya yake, Elliott, ranar da lissafi ya juya ba za su tambayi mai karatu ba.

Faransa kuma doka suka sa tun 1981, mai buga littafi shi ke yanka farashi, kuma ko kai waye ba ka isa ka yi rangwamen da ya wuce kashi 5 cikin 100 ba, don haka babba ba zai kashe ƙarami da araha ba. Ingila ta taɓa yin irin wannan yarjejeniya tun 1900, ta watse a tsakiyar shekarun 1990, manyan kantunan sayar da kayan abinci suka shigo suna karyar da farashi. To ya isa haka, mu dawo gida kafin Alhaji ya ce na kai shi Landan ba biza. (dariya)

A Legas yawancin kantunan da ake ji da su na mutum ɗaya ne ko na iyali. Jazzhole da ke titin Awolowo a Ikoyi, littafi da faya-fayen kiɗa a cakuɗe, in ka shiga ka san wani ne ya zauna ya tsinto kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Glendora ta daɗe tun shekarun 1970. Ga Laterna a Victoria Island, ga Ouida a Ikeja ta marubuciya Lola Shoneyin, ga Rovingheights da ta faro da sayarwa ta intanet yanzu tana da rassa har Abuja, ita ce ma na ga ta kama hanyar zama mai rassa irin na zamani. Ina yaba musu wallahi, don sayar da littafi a garin nan jihadi ne. Hayar shago ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga dizal, ga dala da take wajen naira 460 a hukumance kafin watan Yunin 2023 ta zo ta haura 1,500 a 2024. Littafin waje da dala ake sauke shi, na gida ma takardarsa daga waje take, tunda masana'antun takarda da aka gina mana a Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su riƙe ƙasar ba. Shi ya sa in ka ɗaga littafi ka ga farashi sai ka ajiye a hankali kamar ƙwai.

To amma mu fa? Wata rana na shiga wani babban kanti cikin irin manyan gine-ginen kasuwar zamanin nan, ba zan faɗi suna ba, sanyin esi har ƙashi, na ce wa yaron da ke wurin ina neman littafin Hausa. Yaro mai ladabi, ya danna kwamfuta ya danna, ya ce akwai ƙamus guda ɗaya amma ya ƙare. Na ce na labari fa, ko na waƙa, ko na tarihi? Ya dube ni da mamaki ya ce dama ana rubuta irin waɗannan da Hausa? Ban ji haushinsa ba, kwamfutarsa ba ta san da ni ba, wanda ya cika kwamfutar ma bai san da ni ba. Harshen da ake buga littafinsa a Zariya tun kafin a haifi kakan yaron, ga Gaskiya Corporation tun 1945, ga kamfanin buga littafi na NNPC (ba na man fetur ba), ga marubutan Kano da suka cika kasuwa da littattafan soyayya daga shekarun 1980, yawancinsu ma mata, kuma ga mu nan a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 kakanninmu a nan aka binne su.

Wanda ya san da mu shi ne dattijon nan mai shimfiɗa a ƙofar masallaci. Tabarma ce ko tebur, ga carbi ga turare ga asuwaki, ga Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, jere kamar yadda ake hawansu a makarantar zaure, wasu bugun Misira ko Beirut masu jar takarda, wasu bugun Kano. Ba shi da kwamfuta amma in ka ce yarona ya sauke Ahalari ba sai ka ƙara magana ba, ya riga ya miƙo na gaba. In kuɗinka bai cika ba ya ce tafi da shi Juma'a ka kawo ciko. In babu ya ce ba ni sati biyu akwai mai zuwa daga Kurmi, Kasuwar Kurmi ta Kano nake nufi ba kurmin da muke zaune ciki ba. Abin da Bature Daunt ya sha yabo a kai a jaridu, Baba mai tabarma ya gaje shi ne.

Sai dai kada in yi son kai, ƙaramin ma yana da nasa. Na farko kayansa kaɗan ne, abin da ya sani kawai yake kawowa, in shi ba ya ƙaunar littafin labari to unguwar gaba ɗaya ba za ta gani ba, in yana da ɓangaren da yake bi a addini littafin ɗaya ɓangaren ba zai hau tabarmarsa ba, kun san abin da nake faɗa ba sai na buɗe ba. Wannan ma ai zaɓa mana ake yi. Na biyu farashi da fuska, ka zo da babbar riga kuɗi daban. Sannan 'yar uwa mace da ke son ta tsaya ta buɗa littafi ta duba a natse, ina za ta tsaya a ƙofar masallaci cikin maza? A babban kanti kuwa ba mai kallonta, ta yi awa guda tana dubawa, farashi na manne, a ba ta rasit. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mu maza ba mu cika lissafa shi ba.

Babbar matsalar kuma jabu. Ku je Yaba ko ƙarƙashin gadar Ojuelegba, ko cikin goslo yaro ya liƙo maka littafi a gilashin mota, kuɗinsa kashi ɗaya cikin uku na na kanti, ka kai gida shafi 40 ya ɓace, rubutu ya dushe, marubucin kuma ko sisi bai gani ba. Akwai na gwanjo na halal a wuraren, waɗanda aka karanta aka sayar, ni kaina rabin littattafaina daga can suke, amma satar fasaha daban. An sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, doka kam akwai. Malamai na nan, su za su gaya mana hukuncin sayen abin da ka san an sace gumin wani, ni dai na san kanti mai suna da adireshi yana tsoron a kama shi da jabu, mai tebur kuwa gobe ya koma wani lungu.

Littattafan labarin namu kuma yanzu sun koma waya. Marubuciya na Kano ko Gusau tana sakin shafi-shafi a WhatsApp, ki tura kuɗi ta banki a sa ki a guruf, ƙannena na baya na ga kuna dariya, kun san zancen. Ya yi sauƙi, ba kuɗin mota ba kuɗin takarda. Amma wata ta saya ta watsa wa mutum ɗari kyauta, sannan abin da ke waya ba ajiya ba ne. OkadaBooks shekara 10 tana sayar da littafi ta manhaja, har da na Hausa da yawa, a ƙarshen 2023 ta rufe. Littafin da ke cikin akwatin mahaifiyata kuwa yana nan, har da ƙamshin turarenta.

Shi ya sa nake jifan 'yan kasuwarmu da tambaya. Kullum dare tireloli na shigowa garin nan daga arewa, tumatir, albasa, shanu zuwa mayankar Oko-Oba, a ce duk cikinsu babu inda katan biyu na littafi zai shiga? Ba sai an kama shago a Ikoyi ba. Kanta ɗaya a cikin shagon da kake da shi, a rubuta farashi a jiki, a sayo daga hannun marubutan ko wakilansu don a tabbatar na gaske ne, a ajiye littafin rubutu guda duk wanda ya tambayi abin da babu a rubuta, bayan wata uku wannan littafin rubutun ya fi kwamfutar yaron can sanin Agege. A sa kujera biyu daga gefe inda mata za su zauna su duba. In ya kama a Agege sai a buɗe a Idi-Araba, amma a bar na Idi-Araba ya zaɓi nasa, don almajiran can ba lallai abin da na nan ke nema suke nema ba.

Na ga ladan ya miƙe yana duba agogo. Akwai wani bawan Allah da ya turo takarda yana tambaya ko riba nawa ake samu a kan kwafi ɗaya, Alhaji kai ne ko? To bari a yi sallah, in an idar ka same ni a nan bakin ƙofa mu yi lissafin tare, ka taho da biro.